Ƙwayar Barcin Inna

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi nake roƙo Ya tsare hannuna a wannan babi, don a nan ne na fi tsoron in yi wa kaina sassauci.

'Ya'yana, kun taso kun tarar ana cewa baffanku Sule ne ya lalata wa kakarku Inna kai da ƙwayar barci. Kun ji a bakin gwaggwanninku, kun ji a bakin maƙwabta. Ni kuwa ba ku taɓa jin na ce haka ne ba, ba ku kuma taɓa jin na ce ba haka ba ne. Wannan shirun nawa nake so in warware kafin a kira ni.

Mahaifinmu ya rasu a farkon damina, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Sana'arsa citta ce. Yana saye a hannun manoman Fadan Kaje da ƙauyukan bayanta, a tsaga, a shanya a tsakar gidanmu na Kafanchan, a ɗura a buhu a kai tashar jirgi. Sunansa ne a kan sana'ar, amma kan Inna ne yake riƙe da ita. Ba ta yi karatun takarda ba, sai dai babu manomin da zai yi sallama a ƙofarmu ba ta san sunansa da na matarsa ba, da yaron da ya yi ciwon ƙyanda bara, da gonar da cittarta take da yaji da wadda ruwa ya yi mata yawa. Tana da al'ada kuma, kullum bayan sallar asuba sai ta zauna a bakin ɗakinta da ƙwaryar kunu, ta ba mu labarin mafarkinta daga farko har ƙarshe, tana yi tana dariyar kanta. Da wannan muryar gidanmu yake wayewa.

Ni ne ɗan farinta, kun kuwa san yadda iyayenmu na da suke da ɗan fari. Ba ta kama sunana, ba ta yaba mini a gaban mutane, in na shigo ɗaki sai ta sami abin da za ta duba a bango. Idan tana son aikena sai ta ce da wani, a gaya wa mai allon nan. Na san kunya ce, na san al'ada ce, ni da kaina na sha bayyana wa wasu haka. Amma sanin abu daban, abin da zuciya take ji daban. Sule shi ne auta. Ya yi makarantar boko, ya sami aikin akawu a ɗakin kaya na reluwe, yana fita da farar riga a goge da sabon keke. Sunansa kuwa a bakin Inna sau hamsin a wuni. Ni ina zaure da almajiran unguwa manya da safe, da rana ina rubuta wa 'yan kasuwa wasiƙa da ajami.

Da aka binne mahaifinmu sai barci ya ƙaurace wa Inna. Ta rame, idanunta suka faɗa. Ni abin da na iya shi na yi. Kullum bayan la'asar zan wanke allo, in yi mata rubutu da hannuna, in wanke a kofin silba, in kai mata bayan isha'i. Fiye da kwana arba'in ina yi ban tsallake ko ɗaya ba. Takan karɓa ta sha, ta miƙo kofin ba tare da ta dube ni ba. Barcin dai bai zo ba, Allah bai nufa ba a lokacin.

Sule ne ya ɗauke ta ya kai ta asibiti. Likita ya ba ta wata 'yar farar ƙwaya, ya ce ɗaya bayan isha'i, na mako biyu kawai. Washegari rana ta fito sosai kafin ta buɗe ƙofa. Ina zaure na ji muryarta ta cika gidan:

"Sule! Ina Sulaimanu na? Zo nan, ɗan albarka. Rabona da barci irin wannan tun ina budurwa. Allah Ya yi maka albarka, Allah Ya ba ka masu yi maka."

Ina riƙe da alƙalami a lokacin. Na duba sai na ga na danna shi a kan allo har bakinsa ya tsage. Kwana arba'in na rubutu ban sami ko sannu ba, shi 'yar ƙwaya ɗaya wadda ba ta kai ƙwayar wake ba ta jawo masa addu'ar da duk unguwa ta ji. Na tashi na shiga na ce alhamdu lillahi kamar kowa. Allah Ya san abin da yake ƙarƙashin wannan godiyar.

Mako biyu suka wuce, Inna ta ce ba za ta rabu da ƙwayarta ba. Ranar da ba ta sha ba idonta biyu har asuba. Sule ba ya iya ce mata a'a, sai ya riƙa sayo mata a wani kemis a kasuwa ba tare da an koma wajen likita ba. Kafin kaka ta zo, ƙwaya ɗaya ta daina yi mata, sai biyu. Haka aka tafi har wata damina ta zagayo.

Ni da nake gida kullum ni na fara ganin canjin. Tana kwanciya kamar an jefar da buhu, amma ta tashi kamar wadda ta kwana tana daka. Asuba ta fara kuɓuce mata, ita da take riga ladan tashi. Harshenta yakan yi nauyi har hantsi. Labarin mafarki ya ɗauke gaba ɗaya. Mahaifiyarku Hajara ta tambaye ta wata rana, sai ta ce, ai yanzu ba na ganin komai, duhu ne kawai sai in ji ana tashina. Ta fara tsayawa a tsakiyar salla tana tambayar raka'a nawa ta yi. Sannan wata rana wani manomi da ya shekara ashirin yana kawo mana citta ya durƙusa ya gaishe ta, ta dube shi ta ce, ɗan wane ne kai? Mutumin ya yi dariya yana zaton wasa take yi.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na ga haka na ji tsoro, gaskiya ne. Amma tare da tsoron akwai wani daɗi da ya tsarga mini. Ashe ƙwayar Sule ba ta gama komai ba.

Na tare shi a zaure da yamma yana jingine kekensa.

"Sule, ƙwayar nan tana cin Inna."

"Yaya, da kana rubutu tana kwana a zaune ba ka ce rubutu yana cinta ba."

"Yau ba ta gane mai kawo mana citta ba."

"Tsufa ne. Kai ma jiya ka fita da takalmi wari da wari."

Inna tana jinmu daga ciki. Ba ta yi magana da ni ba, da Hajara ta yi, yadda ta saba:

"A gaya wa mai allon nan ya bar mini yaro ya huta. Wanda ya kawo mini barci ba shi ne abokin faɗa ba."

Da na shiga ɗaki Hajara ta dube ni ta ce:

"Malam, gaskiya ka faɗa. Fuskarka ce ta ɓata ta."

Na san ta gan ni.

Ana cikin haka aka tura Sule riƙon aiki na mako uku a wata ƙaramar tasha ta hanyar Jos. Ranar tafiyarsa ya kawo mini sabuwar kwalba, ko buɗe ta ba a yi ba, ya ce, Yaya, biyu bayan isha'i, don Allah kada a manta. Na karɓa na sa a aljihu.

A wannan yammacin na yi shawara da kaina, na kuwa yi mata ado har ta yi kama da aikin lada. Na ce ƙwayar nan cuta ce, raba ta da ita taimako ne. Na yi rubutu, na wanke, na matsa ɗigon ruwan shuwaka a ciki don ya yi ɗaci, na kai mata na ce na jiƙa ƙwayar a ciki don ta sami albarka biyu. Ta sha ta yamutsa fuska ta kwanta. Kwalbar kuwa na tura ta cikin gafakata, ƙarƙashin takardu. Abin da nake hange shi ne ranar da Sule zai dawo, in ajiye masa kwalbarsa a cike a gaban Inna, in ce ga kayanka, mako uku tana barci da rubutu zalla. Har na tsara yadda zan faɗe ta a hankali, kamar abin bai dame ni ba. Ban yi tunanin tambayar kowa ba. Ina tsammanin ƙwaya kamar goro ce, wanda ya bari sai dai ya yi hamma kwana biyu.

Washegari ta ce ba ta runtsa ba, ƙwayar bana ba ta da ƙarfi. Rana ta biyu hannunta ya fara rawa har kunu yana zuba, ƙarar jirgi daga tasha, wadda ta shekara talatin tana ji, ta riƙa firgita ta. Rana ta uku gumi yake karyo mata ana ruwan sama, ta ce in ta rufe ido sai ta ga abubuwa suna rarrafe a jikin bango. Hajara ta ce a aika wa Sule. Na ce a'a, zazzaɓin damina ne. Na ƙara tsawon rubutun, na ƙara shuwaka. Ina ganin halin da uwata take ciki, kwalbar tana ɗakina, taku goma tsakaninmu. Abin da ya hana ni ɗauko ta shi ne kada ya tabbata ƙwayar Sule ce take riƙe da ita.

Rana ta huɗu da hantsi an ɗan sami rana, mata suna baza citta a tsakar gida. Inna ta fito za ta taya su. Sai na ji salati da ihu. Na shigo na same ta a ƙasa a cikin cittar, jikinta ya sanƙare yana fizga, idanu sun juye, jini a gefen bakinta inda ta ciji harshe. Nan da nan gida ya cika. Wata ta ce iska ce, wata ta ruga ɗauko garwashi da turare, aka ce Malam yi mata tofi. Na durƙusa ina karatu, bakina yana yi amma ban san me nake karantawa ba.

Mama Saraya ce ta ratsa mutane ta shigo. Mutuniyar Manchok ce, Kirista, gidanta yana jikin namu, ta yi shekaru tana aikin jinya a wani asibitin mishan kafin ƙafa ta hana ta. Ita da Inna sun daɗe suna musayar tuwon salla da shinkafar Kirsimeti. Hausarta irin ta mutanen ƙasar ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Ku ba shi iska! Kai, cire cokali ɗin nan, kar ka sa masa a baki. Juya shi gefe. Wane ne ya kawo hayaƙi? Fita da shi!"

Ta riƙe kan Inna a cinyarta har fizgar ta lafa. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Malam, Inna yana shan magani na barci ɗin nan har yanzu?"

"Tana sha," na ce.

"Kawo kwalba in gani."

Na ce yana ɗaki. Ta miƙa wa Hajara kan Inna, ta biyo ni da ɗingishinta har ƙofar ɗakina. Ba yadda zan yi, na zaro kwalbar daga gafaka. Ta juya ta, ta ga murfin ko motsa shi ba a yi ba.

"Kwana nawa?"

"Huɗu."

"Ubangiji Ya yi mana jinƙai. Mutum ya sha abu shekara guda, ka yanke masa rana ɗaya? Ko dokta ba ya yi haka. Kaɗan kaɗan ake cire shi, kamar yaye. Kai mai karatu ne, Malam, me ya hana ka tambaya? Ga ni nan bayan katanga."

Ta miƙo mini kwalbar. Ta ce:

"Za mu je asibiti yanzu. In dokta ya tambaya, ka faɗa masa gaskiya. In ka ɓoye, za su yi masa magani na wani ciwo dabam, kuma zai sake faɗuwa. Na biyu ɗin ba na ce zai tashi ba."

A asibitin na faɗa wa likita komai, Mama Saraya tana tsaye. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce laifi biyu ne aka yi wa tsohuwar nan. Na farko, maganin mako biyu aka mayar na shekara, irin wannan kuwa yana kwantar da mutum ne amma ba ya ba shi hutun barci na gaskiya, ga shi yana dusashe tunani, musamman ga tsofaffi. Na biyu, yankewar da aka yi farat ɗaya, wadda ita ce ta kusa kashe ta. Aka mayar mata da ƙwayar a ranar, aka tsara yadda za a riƙa ragewa cikin watanni.

Da muka dawo gida na tarar magana ta riga ta zauna. Dangi sun ji an ce ƙwaya, sai suka ce ƙwayar Sule ta taru a jikinta ta buge ta. Likita da Mama Saraya kaɗai suka san sauran, ita kuwa ta ce mini ba aikinta ba ne ta faɗa, nawa ne. Na yi niyyar faɗa. Sai Inna ta farfaɗo sosai, aka gaya mata abin da ake cewa, sai ta ce a gaban kowa:

"Ashe mai allon nan ya faɗa, ba mu ji ba."

Shekara talatin da bakwai ina jiran kalma irin wannan daga bakinta. Na haɗiye abin da na zo da shi.

Sule ya dawo a jirgin safe, ko gida bai biya da jakarsa ba sai ɗakinta. Ya durƙusa yana kuka. Ta juya fuska bango, irin juyawar da ni na saba gani. Da yamma ya karɓi ƙwayar a wurina zai ba ta yadda likita ya tsara, ta ce ba ta karɓar komai daga hannunsa. Ya fito ya same ni, ya ce in ba shi kwalbar ya gani. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya miƙo mini ya ce, Yaya, kai za ka riƙa ba ta.

Wata biyar muka yi muna ragewa. Ni nake tsaga ƙwayar da reza a kan bayan allo, rabi, sannan kwata, in kai mata a tafin hannu a fili, ba a cikin komai ba. Mama Saraya ta hana ta goro bayan azahar, ta hana ta kwanciyar rana, kullum da safe ta zo ta ja ta su taka har bakin kasuwa su dawo suna faɗa a kan wadda ta fi wata tsufa. Akwai makonni masu wuya. A ƙarshe barcinta ya dawo, gajere, na tsofaffi, amma in ta tashi ta tashi. Ta koma riga ladan. Amma kan da muka sani bai dawo duka ba. Sunayen manoma suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har sana'ar cittar ta fita daga gidanmu, don babu mai riƙe ta. Na tambayi likita ko ƙwayar ce, ko faɗuwar, ko shekaru. Ya ce ba mai iya raba su, kowanne yana iya sa hannu. Saboda haka ni ma ba zan ce muku ga rabon Sule ga nawa ba. Abin da na sani, shi kuskurensa na tausayi ne, nawa ba na tausayi ba ne.

Ta yi shekara shida bayan haka. A hannuna take cin abinci, ni take nema in ta rikice. Sule ya nemi canjin wurin aiki ya koma Zariya, yana zuwa da salla, ta amsa gaisuwarsa a taƙaice. Na sami abin da na nema, ban kuwa taɓa jin daɗinsa ko na wuni ɗaya ba.

Sai da muka tsufa mu duka, yana jinyar da bai tashi ba, na je Zariya na same shi a kan tabarma a inuwar gidansa da rana. Na ce ina da maganar da na daɗe da ita. Na fara ke nan ya ɗaga hannu.

"Ta kwalba ce?"

Na ce ita ce.

"Yaya, ni akawun kaya ne. Na bar maka kwalba a cike, na san ranar da na tafi, na san ranar da aka mayar mata. Kallo ɗaya na yi na ga ta kwana huɗu ba a taɓa ba."

"Ka sani, ka yi shiru? Dangi suna zaginka?"

"To in faɗa, sai me? Ta riga ta daina karɓa a hannuna. In ta ji naka, ta daina karɓa a hannunka, wa zai ba ta rabin ƙwayar? Mu biyu ta haifa maza. Dole a bar mata ɗaya."

Ya yi tari, ya gyara kwanciya, ya ce:

"Kuma ni na fara saya mata a kemis. Ban fita ba ni ma."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun a jirgin da ya kai shi Zariya. Muka yi salla tare, shi a zaune.

Zan so in ce muku na taso daga wurinsa da zuciya wankakkiya. Amma na yi alkawarin ba zan yi wa kaina sassauci ba. A mota ina dawowa Kafanchan, abin da ya fara zuwa mini shi ne, ashe har a wannan ma yaron nan ya fi ni. Na yi istigfari tun daga nan har gida, ina kuma yi har yau.

Idan kun karanta, ku juya shi da boko ku kai wa 'ya'yan baffanku, kada ku rage ko kalma. Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan Sule, Ya saka wa Mama Saraya da alheri, ni kuma Ya raba ni da abin da ke ƙirjina kafin in same su.